Wa zai tsaya wa yaranmu a caji ofis?

Tun da Legas ta hana okada a wasu ƙananan hukumomi a 2022, ina ganin yadda ake kwashe yaranmu, su sa hannu a takardar da ba su iya karantawa ba. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta a kotu, amma mu nawa muka sani? Sarkin Hausawa kuma ba zai je ko'ina ba.

Shi ya sa nake cewa 'ya'yanmu na Agege da Sabo su karanci ilimin laifuka da tsaro, difloma ko digiri. NOUN tana koyar da digirin, kana sana'arka kana karatu. Ba zai mai da kai lauya ba, amma hanya ce ta aikin ɗan sanda, kotu ko gidan gyaran hali. Ƙungiyoyin kasuwarmu su ɗauki nauyin ko da yara biyu duk shekara.