Ƙwallon Amurka a jami'o'i: ana gardama kan atisayen bazara, amma batun kan 'yan wasa ya koma gefe

Daga watan Maris zuwa Afrilu na kowace shekara, lokacin da sanyin hunturu ya fara sassautawa a Amurka, jami'o'in ƙasar kan dawo da 'yan wasansu na ƙwallon Amurka fili domin abin da ake kira atisayen bazara. Wannan wasa ba shi ne ƙwallon ƙafar da aka sani a Yamai ko Garwa ko Kumasi ba. Ƙwallo ce doguwa mai kama da ƙwai, ana riƙe ta a hannu, kuma hanyar tsayar da mai ɗauke da ita ita ce a kai shi ƙasa da ƙarfin tsiya. Babu gasa a wannan lokaci, babu kofi, domin kakar wasa ba ta farawa sai ƙarshen Agusta. Duk da haka samari 'yan shekara 18 zuwa 23 kan shafe makonni suna karo da juna sanye da hular kwano, kuma waɗanda suke karon da su abokan wasansu ne na ƙungiya ɗaya.

Dokar hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i, ta ba kowace babbar ƙungiya damar yin atisaye sau 15 cikin kwana 34. Daga ciki, 12 ne aka yarda a yi karo, kuma a 8 kaɗai ake iya kayar da ɗan wasa har ƙasa. An daɗe ana rufe wannan zango da wasan nuni, inda ƙungiya ke rabuwa biyu ta kara da kanta, a wasu jami'o'in ma gaban dubun dubatar 'yan kallo.

A bazarar 2025 al'adar ta fara rushewa. Jami'o'in Nebraska da Texas da Southern California na cikin waɗanda suka soke wasan nunin ko suka sauya masa fasali. Mai ji daga nesa zai ɗauka tausayin kan yaran ne ya motsa masu horarwa, amma dalilan da suka bayar da bakinsu sun sha bamban da haka. Kocin Nebraska, Matt Rhule, ya fito fili ya ce ba ya son nuna 'yan wasansa a talabijin, saboda wasu jami'o'i na kallo su zaɓi waɗanda suka burge su sannan su zawarce su da kuɗi. Shi kuwa Steve Sarkisian na Texas ya kawo batun gajiya, ganin cewa ƙungiyarsa ta buga wasa 16 a kakar 2024 bayan an faɗaɗa gasar ƙarshe zuwa ƙungiyoyi 12. A gefe guda, Deion Sanders na Colorado da Fran Brown na Syracuse sun nemi izinin haɗa ƙungiyoyinsu su yi atisaye tare su kuma gwabza, NCAA ta ƙi amincewa. Ke nan wasu na son a rage, wasu na son a ƙara, kuma kusan duk muhawarar ta ta'allaƙa ne kan kuɗi da kasuwar 'yan wasa. Maganar ƙwaƙwalwa, wadda ita ce ta fi cancantar zama kan gaba, ba a cika jin ta ba.

Abin ya fi ban mamaki idan aka duba alƙaluman da hukumar kanta ta taimaka wajen tattarawa. A 2014 NCAA da ma'aikatar tsaron Amurka sun zuba dala miliyan 30 suka kafa wani babban shirin bincike kan girgizar ƙwaƙwalwa mai suna CARE. A watan Fabrairun 2021 mujallar likitanci ta JAMA Neurology ta wallafa ɗaya daga cikin sakamakonsa, ƙarƙashin jagorancin Michael McCrea. An bibiyi 'yan wasa 658 daga manyan ƙungiyoyi shida tsakanin 2015 da 2019, an sanya na'urorin auna bugu a cikin hulunansu. An gano cewa kashi 72 cikin ɗari na girgizar ƙwaƙwalwar da aka tabbatar ta faru ne a wurin atisaye, ba a ranar wasa ba. Kusan rabinta kuma ta auku ne a makonnin share fage na watan Agusta, alhali waɗannan makonni kusan kashi ɗaya bisa biyar ne kawai na kakar.

Dangane da bazara kuwa, tsofaffin bayanan NCAA da suka shafi 1988 zuwa 2004 sun nuna cewa yawan raunuka a atisayen bazara ya ninka na atisayen cikin kaka fiye da sau biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A cikin kaka, koci na tattalin fitattun 'yan wasansa saboda akwai wasa ranar Asabar. A bazara babu wasan da ake jira, lokaci ne na tantancewa, inda yaro ɗan shekarar farko ke son nuna cewa shi ma ya isa, tsohon ɗan wasa kuma ke kare gurbinsa. Wanda ke fafutukar samun gurbi da wuya ya ɗaga hannu ya ce kansa na sara masa ko yana ganin jiri. Ya san in ya zauna mako guda, wani zai hau kujerarsa.

Nan ne aka fi samun rashin fahimta, har a tsakanin iyaye. Girgizar ƙwaƙwalwa ba sai mutum ya suma ba. Ƙwaƙwalwa tana shawagi ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, idan kai ya tsaya ko ya juya farat ɗaya sai ta motsa ta murɗe, jijiyoyinta su miƙe fiye da ƙima. Hular kwano tana hana ƙoƙon kai fashewa, amma ba ta iya hana wannan motsi na ciki. Kuma binciken baya-bayan nan ya karkata ga cewa babban haɗarin dogon lokaci yana cikin ƙananan bugu ɗaruruwa waɗanda ba sa nuna wata alama a ranar da aka same su. Wani nazari na 2023 da aka yi kan ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasa 631 ya nuna cewa jimillar ƙarfin bugun da mutum ya sha tsawon shekaru ita ta fi alaƙa da cutar CTE, fiye da adadin lokutan da likita ya rubuta cewa ya samu girgiza.

CTE cuta ce da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ana danganta ta da mantuwa da sauyin hali da ciwon damuwa, kuma har yanzu ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutuwa. Tun a 1928 likitoci suka san irinta a jikin 'yan damben zamani. Wanda ya fara nuna ta a ɗan ƙwallon Amurka likita ne haifaffen Najeriya, Bennet Omalu, wanda ya yi karatu a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Shi ya binciki gawar tsohon ɗan wasa Mike Webster a Pittsburgh a 2002, ya wallafa sakamakon a 2005, kuma ya sha suka daga likitocin gasar ƙwararru ta NFL kafin daga baya a yarda da shi. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka sanar da samun cutar a ƙwaƙwale 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL, da 48 cikin 53 na waɗanda suka tsaya a matakin jami'a. Dole a yi hattara da waɗannan lambobi, domin iyalan da suka ga alamun rashin lafiya a mamatansu su ne suka fi bayar da ƙwaƙwalen, don haka ba su nuna yawan cutar a tsakanin duk 'yan wasa ba. Abin da suka tabbatar shi ne cewa ba sai mutum ya kai ga zama ƙwararre ba. Owen Thomas na Jami'ar Pennsylvania ya mutu a Afrilun 2010 yana da shekara 21, an samu alamun cutar a ƙwaƙwalwarsa, kuma ba a taɓa rubuta cewa ya samu girgiza ba.

Ba za a ce NCAA ta naɗe hannu ba. A 2013 ta fara korar duk wanda ya auna kan abokin hamayya da gangan. A 2017 ta haramta atisayen karo sau biyu a rana ɗaya. Watanni kaɗan bayan rahoton McCrea ta rage kwanakin karo a share fagen Agusta daga 21 zuwa 18, ta kuma hana wasu nau'o'in atisaye da ake jera mutum biyu su yi karo kai tsaye kamar raguna. Sai dai kusan kowane mataki ya biyo bayan abin kunya ne ko ƙara a kotu. A 2014 miliyoyin mutane sun ga Shane Morris na Michigan yana tangaɗi bayan an buge shi a kai, aka bar shi a fili, aka kuma sake mayar da shi. Bayan nan ne ajiye ma'aikacin lafiya a saman filin wasa, mai sa ido kan irin wannan, ya zama ruwan dare. Tarihin hukumar ma da haka ya faro: a 1905, shekarar da 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu, shugaba Theodore Roosevelt ya kira Harvard da Yale da Princeton, kuma daga wannan dambarwa aka kafa ƙungiyar da ta zama NCAA a 1906.

Hujjar masu horarwa ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa kayar da mutum fasaha ce, wanda bai koye ta a atisaye ba zai shiga wasa ya sunkuyar da kai ya ji wa kansa ciwon da ya fi muni. Amma akwai wanda ya gwada akasin haka. Buddy Teevens na Dartmouth, wanda ya rasu a 2023, ya daina barin 'yan wasansa su kayar da juna a atisaye tun 2010. Ya koma koyar da su a kan buhunan soso, daga baya kuma ɗaliban injiniyanci na jami'ar suka ƙera masa wani mutum-mutumi mai gudu da ake sarrafawa daga nesa. Abokan sana'arsa sun yi masa dariya, amma ƙungiyarsa ta ci gasar rukunin Ivy fiye da sau ɗaya bayan haka, kuma a 2016 duk jami'o'i takwas na rukunin suka daina kayarwa a atisayen cikin kaka. Manyan rukunoni masu kuɗin talabijin ba su bi sahu ba.

Kwatanci da NFL ya fi fito da giɓin. Tun yarjejeniyar 2011, ƙwararrun 'yan wasa ba sa karo kwata-kwata a atisayensu na bazara, kuma an taƙaita musu atisaye da cikakkun kayan kariya zuwa sau 14 a duk tsawon kakar. Sun samu haka ne saboda suna da ƙungiyar ƙwadago da ta zauna teburin ciniki. Ɗalibi ba shi da ita. Sakamakon shi ne ƙato ɗan shekara 30 mai albashin miliyoyi ya fi yaro ɗan shekara 19 samun kariya a watan Afrilu. Hulunan soso na Guardian Cap da yanzu ake ɗorawa kan hular kwano a jami'o'i da dama sun zama abin nunawa ga iyaye, amma binciken masu zaman kansu bai yi ittifaƙi kan amfaninsu a fili ba, kuma sayen hula ya fi sauƙi ga koci a kan rage karo.

Kuɗin da suka shigo hannun ɗalibai ma takobi ne mai kaifi biyu. A watan Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, tare da ƙayyade yawan 'yan ƙwallon Amurka a ƙungiya zuwa 105. Koci zai fi tattalin ɗan wasan da aka kashe wa maƙudan kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma ga na ƙasa-ƙasa, gurbi ya ragu, darajarsa ta ƙaru, kuma ɓoye ciwon kai ya ƙara zama abin da lissafi ke ba shi shawara.

Batun ya fara shafar wannan yanki kai tsaye. NFL ta buɗe sansanin neman matasa a Ghana a 2022, a Kenya a 2023, sannan a Legas a 2024, kuma wasu daga cikin waɗanda aka zaɓa kan bi ta makarantar horarwarta da ke Ingila zuwa jami'o'in Amurka da tallafin karatu. Ga iyalin da ke Accra ko Yawunde dama ce babba, digiri kyauta da yiwuwar arziki. Sai dai yaron da takardar zamansa a ƙasar ta rataya kan karatunsa, karatun kuma ya rataya kan wasa, shi ne na ƙarshe da zai yi gardama da koci. Tun 2016 dokar manyan rukunonin jami'o'i ta ce likita da ma'aikatan lafiya ne ke da maganar ƙarshe kan komawar ɗan wasa fili, ba koci ba. Iyalin da aka zo wa da tayi na da damar tambaya ko tallafin zai ci gaba idan likita ya ce yaro ya daina wasa, da kuma shekara nawa jami'a za ta biya kuɗin magani bayan ya kammala.

A kotuna kuwa har yanzu ba a tsaya kan matsaya ɗaya ba. Iyalan Derek Sheely, wanda ya faɗi a filin atisayen Jami'ar Frostburg a Agustan 2011 ya kuma rasu kwanaki bayan haka, sun samu sulhun dala miliyan 1.2 a 2016. A 2019 an kammala wani sulhun da NCAA ta ware dala miliyan 70 domin duba lafiyar tsofaffin 'yan wasa, ba tare da biyan diyya ga kowa ba. A Nuwamban 2022 masu taimaka wa alƙali a Los Angeles sun wanke hukumar a ƙarar da matar marigayi Matthew Gee ta shigar. Amma a Oktoban 2025 wasu a jihar South Carolina sun umarce ta ta biya dala miliyan 18 ga Robert Geathers da matarsa. Geathers ya buga wa jami'ar South Carolina State wasa daga 1977 zuwa 1980, yanzu yana fama da cutar mantuwa, kuma NCAA ta ce ba ta amince da hukuncin ba.