Ba Mai Ɓoye Hatsi Ne Kaɗai Mai Laifi Ba

Duk ɗalibin da ke cin abincin makaranta ya san kokon safe ya tsinke, wake kuma sai ka tona shinkafa kafin ka ga ƙwara biyu. Da ka tambayi dalili, amsa ɗaya ce: 'yan kasuwa sun ɓoye hatsi. Ni dai ban yarda laifin nasu ne su kaɗai ba.

Ana ɓoyewa kam. A watan Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin kasuwar Dawanau kan wannan zargi. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin ɗauko buhu daga ƙauye ya yi tashin gwauron zabi. Naira ta faɗi, har mai sefa daga Maraɗi ya fi ɗan kasuwarmu ƙarfin saye. Zuwa tsakiyar 2024, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, in ji hukumar ƙididdiga ta ƙasa.

Abin da ya fi damuna a gidanmu na gan shi. Mahaifina manomi ne. Da kaka, lokacin da masara ta cika kasuwa, farashi ya yi ƙasa, a lokacin yake sayarwa, domin ga bashin taki, ga kuɗin makarantarmu. Ba zai iya jira ba. Da damina ta tsaya, rumbu ya ƙare, sai ya koma kasuwa yana auno masara kwano-kwano da tsada, wataƙila ma wadda ya noma ce. Mai ajiya bai ƙwace ba, matsin manomi ya saya.

Don haka ina roƙon shugaban makarantarmu da ƙungiyar iyaye da malamai su duba wata shawara. Me zai hana a karɓi masara, gero ko wake daga iyayenmu manoma da kaka, a kan farashi na adalci, a madadin wani ɓangare na kuɗin da suke biya? Sito muna da shi. 'Yan ajin darasin noma za su iya kula da buhunan don kada ƙwari su ci, malaminmu ya duba aikin.

Wanda bai yarda ba, ya kawo wa kulob ɗinmu martaninsa kafin Juma'a, za mu liƙa a nan.