Martani: Kuɗin Lauyan Gwamnati Ma Na Talaka Ne

Tun da muka nemi gwamnati ta riƙa bayyana abin da take biyan lauyoyin haya a shari'o'in haraji, ake ta jifanmu da zarge-zarge. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wai so muke Arewa ta sha kaye a kotu. Haba! A watan Agustan 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta yanke cewa Jihar Ribas ce ke da ikon karɓar harajin VAT a cikinta, ba hukumar FIRS ba. Gwamna Wike ya sa hannu a dokarsa, Legas ta bi sahu, sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kowa ya dakata. A lokacin, kashi 35 cikin ɗari na VAT ƙananan hukumomi ake raba wa. Da kowace jiha ta riƙe nata, da Ɗambatta da Makoɗa da Tsanyawa sun ji a jikinsu. Irin wannan shari'a, a ɗauko gogaggen lauya, ba mu ƙi ba. Cewa muka yi a faɗi nawa aka ba shi.

Wai kuma ina ruwan manomi, tunda Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Mai wannan magana ya daɗe bai ci kasuwar ƙauye ba. Gaskiya ne hatsi da taki ba VAT a kansu. Amma wanda ya kai buhun gero kasuwar Bichi sai an yanka masa rasit. In ya juyo ya sayi bandir ɗin kwano da siminti, ya sa kati a waya, kashi 7.5 ya fita daga aljihunsa tun 2020, ko ya sani ko bai sani ba.

Wai akwai sirri tsakanin lauya da wanda yake karewa. Sirrin na dabarun shari'a ne. Kuɗin kuwa daga baitulmali ya fito, kuma Ma'aikatar Shari'a tana da lauyoyinta masu albashi. In an tsallake su, a gaya mana dalili.

Masu cewa kuɗin bai taka kara ya karya ba, su tuna rigimar Paris Club, inda 'yan kwangilar ba da shawara da lauyoyi suka nemi dala miliyan 418 daga kason jihohi da ƙananan hukumomi, har ƙungiyar gwamnoni da kanta ta garzaya kotu don a hana cire kuɗin.