Daminarmu Daga Teku Take Tasowa, Amma Wasu Ne Ke Auna Mana Shi

Tsakanin Kano da bakin teku akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma da yawa daga cikin manoman gero na Jigawa da Katsina da Maraɗi da Damagaram za su ƙare rayuwarsu ba su taɓa sa teku a ido ba. Don haka idan aka ji masana suna ja-in-ja kan ko kwararar ruwan Tekun Atlantika tana raguwa, sai a ɗauka hirar Turawa ce, masu tsoron kada sanyi ya ƙaru musu a Landan. Wannan fahimta tana cutar da mu. Iskar da ke ɗauko mana hadari daga wannan teku take tasowa, kuma yadda zafi ya rarrabu a saman ruwansa yana cikin manyan abubuwan da ke sa damina ta yi nisa zuwa arewa ko ta maƙale a kudu. A ganina, awon teku aikin noma ne kamar samar da taki da iri, kuma bai dace ƙasashen Afirka ta Yamma su ci gaba da zama 'yan kallo a cikinsa ba.

Hujja ta farko tana cikin tarihin da dattawanmu ba su manta ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 fari ya kama yankin Sahel, ya yi tsanani a 1972 da 1973, ya dawo da ƙarfi a 1983 da 1984. Dabbobi suka ƙare, Tabkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa idan ciyayi suka ƙare, ƙasa tsirara takan mayar da hasken rana sama, abin da ke hana hadari haɗuwa. Masu tsara manufofi suka kama wannan bayani hannu bibbiyu, aka ɗora laifi a kan makiyayi da mai saran itace, aka ce talakan Sahel da hannunsa ya kori ruwan sama. Sai da aka juya aka dubi teku sannan magana ta sake. Peter Lamb ya nuna a 1978 cewa shekarun fari suna tafiya tare da wani yanayi na zafin ruwan Atlantika. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa idan tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi, Sahel kan bushe. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ɗora wa kwamfuta zafin saman teku da aka auna daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata komai game da kiwo ko saran daji ba, ta fitar da hawa da saukar ruwan Sahel kusan yadda ya faru. Lalacewar ƙasa tana ƙara wa fari tsanani, wannan gaskiya ne, amma ba ita ta jawo shi ba. Awon teku ne ya wanke makiyayi daga zargin da aka yi shekaru ana yi masa.

Abin da ke rarraba wannan zafi ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwan teku ba a kwance yake ba. A Atlantika ruwa mai ɗumi da gishiri yana tafiya ta sama daga kudu zuwa arewa. Idan ya isa tekunan da ke kewaye da Girinlan da Ayislan sai ya huce, ya yi nauyi, ya nutse, ya juyo kudu ta can ƙasa a zurfin kilomita biyu zuwa huɗu. Wannan juyi, wanda masana ke kira AMOC, yana tura kimanin kubik mita miliyan 17 na ruwa a kowace daƙiƙa, wato ya ninka abin da dukan kogunan duniya ke zubarwa a teku fiye da sau goma. Mutumin da ya fara auna sanyin ruwan can ƙasa, a 1751, shi ne Henry Ellis, kyaftin ɗin wani jirgin fataucin bayi na Ingila. Ko a farkon wannan ilimi ma, ashe, Afirka tana ciki, amma a matsayin kaya. Zafin da wannan juyi ke kai wa arewa yana cikin dalilan da suka sa layin ruwan sama na yankin zafi ya karkata zuwa ɓangarenmu. Idan juyin ya yi rauni, arewacin teku ya huce, layin ya ja baya zuwa kudu, mu kuma da muke a gefensa na arewa mu ne farkon waɗanda zai bari. Lakar da aka haƙo daga ƙarƙashin teku kusa da gaɓar Senegal ta nuna cewa a zamanin ƙanƙara, duk lokacin da juyin ya yi rauni ƙwarai, Sahel ya sha fari mai tsawon ƙarnoni. Lakar Tabkin Bosumtwi na Gana ita ma ta nuna cewa a cikin shekaru 3,000 da suka wuce, fari a Afirka ta Yamma yana bin sawun zafin Atlantika. Abin tsoro a yau shi ne ƙanƙarar Girinlan tana narkewa tana zuba ruwa marar gishiri, wanda ba shi da nauyin nutsewa, daidai wurin da ake buƙatar ruwa ya nutse.

Mai shakka zai ce masanan ma ba su daidaita ba, kuma bai yi ƙarya ba. A 2005 Harry Bryden da abokan aikinsa suka sanar cewa juyin ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, jaridun duniya suka ɗauka. Amma da awo biyar kawai suka dogara, waɗanda jiragen ruwa suka yi tsakanin 1957 da 2004. Kamar mutum ne ya leƙa kasuwar Dawanau sau biyar cikin shekara arba'in da bakwai, wani zuwan da kaka, wani da bazara, sannan ya yanke hukunci kan inda farashin gero ya dosa. A 2004 aka kafa jerin na'urori da ake kira RAPID, ɗaure da ƙasan teku, daga gaɓar Maroko zuwa tsibiran Bahamas, suna awo dare da rana. A shekarar farko kaɗai suka nuna kwararar tana sauka har kubik mita miliyan 4 tana hawa har kusan miliyan 35. A 2009 zuwa 2010 ta faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, sannan ta farfaɗo. Wato awon jefi-jefi ba ya iya bambance canji na dindindin da kai-komon yau da kullum.

Haka abin yake game da lissafin kwamfuta da ake kwaikwayon teku da shi. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce a 2021 da yiwuwa sosai juyin zai yi rauni a wannan ƙarni, amma a matsakaicin tabbaci ba zai durƙushe farat ɗaya kafin 2100 ba. A 2023 wasu masana biyu na Denmak, Peter da Susanne Ditlevsen, suka ce durƙushewar tana iya zuwa tsakanin 2025 da 2095, wasu kuma suka soki hanyar lissafinsu. A 2025 masana hukumar yanayi ta Birtaniya suka gwada lissafi iri 34, suka ce iskar Tekun Kudu za ta riƙe juyin ko da ya yi rauni sosai. Wanda ya kalli wannan saɓani ya ce a watsar da lissafin gaba ɗaya bai lura da abin da ba a saɓa a kansa ba: kowa ya yarda rauni na tafe, ana jayayya ne kan yawansa da saurinsa. Kuma lissafi da awo ake gyara shi. Jerin na'urorin OSNAP da aka kafa a 2014 tsakanin Labrado da Girinlan da Sikotlan ya gano cewa mafi yawan juyewar ruwan a gabashin Girinlan take faruwa, ba a Tekun Labrado ba kamar yadda lissafi da yawa suka ɗauka.

Abin da ya fi shafarmu shi ne inda lissafin ya fi yin tuntuɓe. An daɗe da sanin cewa yawancin waɗannan lissafe-lissafen suna sa wa gabashin Atlantika, daga Tekun Gini zuwa gaɓar Angola da Namibiya, zafin da ya wuce na gaskiya. Nan ne kuwa ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasa a watan Mayu da Yuni, bambancin sanyinsa da zafin Sahara ya taimaka wajen tura damina arewa a ƙarshen Yuni. A 1984 wannan yanki ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, ruwa ya tsaya a gaɓa, arewa ta ƙone. Ke nan lissafin ya fi rauni a daidai ƙofar gidanmu. To wa ke auna wurin? Jerin na'urorin PIRATA da ke tsaye a tsakiyar Atlantika tun 1997 na Barazil ne da Faransa da Amurka. Na'urorin Argo kusan 4,000 da ke shawagi a tekunan duniya, suna nutsewa zuwa zurfin mita 2,000 suna tasowa duk kwana goma su aika da zafi da gishirin ruwa ta tauraron ɗan'adam, kusan rabinsu Amurka ce ke biya.

Za a ce ai bayanan kyauta ake sa su a intanet, me zai sa mai fama da yunwa da rashin tsaro ya kashe kuɗi a kai? Amsa ita ce abin da aka ba ka kyauta, ranar da majalisar wata ƙasa ta rage kasafinta zai tsaya, kuma shekarar da ba a auna ba ta tafi ke nan, ba a ramawa. Bayan haka, mai biya shi ke zaɓar tambaya. Turai tana son sanin sanyin hunturunta, Amurka tana son sanin guguwar da za ta faɗa wa Fulorida. Tambayar manomin Daura, wato yaushe ruwan shuka zai tabbata, kuma kwana nawa zai ɗauke bayan an yi shuka, sai mai ɗaki, wanda ya san inda yake masa yoyo. Kuɗin ma ba kamar yadda ake zato ba ne. Na'urar Argo ɗaya kimanin dala 20,000 ce, idan an haɗa da jefa ta da kula da bayananta kuɗin ya ninka, kuma takan yi shekara huɗu zuwa biyar tana aiki. Gwamnatin da ke saya wa manyanta motocin alfarma ba za ta ce wannan ya gagare ta ba.

Akwai kuma masu cewa fari ya wuce, yanzu ambaliya ce damuwarmu, su kawo misalin Yamai a 2020, da sassan Nijeriya a 2022, da Maiduguri a 2024. Lallai ruwa ya ƙaru tun shekarun 1990, kuma binciken hotunan tauraron ɗan'adam da aka wallafa a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Amma farfaɗowar ita ma tana da nasaba da ɗumamar arewacin Atlantika da Bahar Rum. Abin da ya ba da ruwa yana iya janye shi, kuma mai gina madatsa da mai zaɓar iri duk suna buƙatar sanin inda aka dosa. Ruwa na Allah ne, babu jayayya, kamar yadda lafiya take tasa, amma ba mu fasa auna zafin jikin yaro ba.

Tushen aikin yana nan. Cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET tana Yamai tun 1974, kuma tun 1998 masana yankin ke taruwa kowace shekara su fitar da hasashen damina, wanda jigonsa zafin saman teku ne. Hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da nata kafin faɗuwar ruwa. Nijeriya tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, ta kuma kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, sai dai hankalin ma'aikatar ya fi karkata ga tashoshin jiragen ruwa da kuɗin shiga. Abin da ya rage shi ne ƙasashen yankin su shiga PIRATA a matsayin masu biya, su sayi nasu na'urorin Argo su zuba a Tekun Gini, sojojin ruwa su tsare na'urorin daga masu kamun kifi da ke lalata su. Jami'o'in Zariya da Kano da Yamai kuma su tura ɗalibansu na lissafi da kimiyya su karanci teku, da sharaɗin su dawo su zauna a hukumomin da ke gaya wa manomi ranar shuka.