'YAN WASAN KWAMFUTA SUN KOKA: WAI AN RUFE WA MASU LINUX ƘOFA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kano

Ran 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, watau ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na kyauta kamar yadda ya saba tun 2015. Wanda ke son ƙarin wa'adi an ba shi shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba na 2026, ko dai ya biya dala 30, ko kuwa ya cika wasu sharuɗɗa na kamfanin. Abin da kamfanin ke so shi ne kowa ya koma Windows 11. To, amma Windows 11 ba ta hawa kan kowace kwamfuta. Tana bukatar wani ɗan ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in injin ɗin na Intel ne, sai ya zama daga zubi na takwas zuwa sama, watau ƙirar 2017 ko bayanta.

Masu karatu da ke shiga Computer Village a Ikeja, ko kasuwar Alaba, ko Farm Centre a nan Kano, sun san abin da wannan ke nufi. Da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ake jibgowa daga Turai, waɗanda su ne ƙarfin talaka ke iya kaiwa, sun girmi wannan sharaɗi. Lafiyarsu lau, ba abin da ya same su, amma an ce sun tsufa.

Shawarar da masana ke bayarwa ita ce a sauke Windows a ɗora Linux. Ga wanda bai sani ba, kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ita ce ke riƙe da gidan, sauran manhajoji duk baƙi ne a ƙarƙashinta. Mu kira ta uwar manhaja. Windows ɗaya ce daga cikinsu, macOS ta kamfanin Apple ita ma ɗaya ce, sai kuma Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991. Linux kyauta ce, ba ta ƙin tsohon inji, kuma kowa na da ikon buɗe cikinta ya duba, ya ma sāke ta yadda ya ga dama. Ga mai buga takardu, da mai lissafin shago, da ɗalibi, wannan shawara ba ta da aibu. Wanda ke kuka shi ne mai wasa.

Kada a ɗauka kukan na yau ne. Wani kamfani mai suna Loki ya tashi a Amurka a 1998 don ya riƙa juya wasannin Windows zuwa Linux, amma masu saye ba su kai su riƙe shi ba, ya rufe a 2002. Daga nan aka yi shiru na kusan shekara goma, har sai da kamfanin Valve, mai babbar kasuwar wasanni ta intanet da ake kira Steam, ya tsorata da Windows 8 a 2012. Tsoronsa shi ne kada Microsoft ya kulle Windows ya ce ba mai sayar da kome sai ta shagonsa. Saboda haka a Fabrairun 2013 Valve ya buɗe Steam ga masu Linux, sa'an nan a 2015 ya fito da wasu injinan wasa masu suna Steam Machine. Ba su yi kasuwa ba ko kaɗan, domin wasannin da ke hawa kansu ba su taka kara sun karya ba.

Sai Valve ya sāke dabara. Maimakon ya yi ta roƙon kamfanoni su sāke rubuta wasanninsu, a watan Agusta na 2018 ya fito da Proton, wata manhaja da ke aikin tafinta. Wasan yana magana da harshen Windows, tafintan yana juyawa zuwa harshen Linux nan take, shi wasan bai ma san ya bar gida ba. An gina Proton ne a kan wani tsohon aiki na 'yan sa kai mai suna Wine, wanda aka fara tun 1993. A Fabrairun 2022 kuma Valve ya fito da Steam Deck, injin wasa na riƙewa a hannu, wanda Linux ce ke cikinsa. Wannan karon an dace. Dubban wasanni da a dā ba sa ko motsi a Linux suka riƙa tafiya sumul.

Mai karatu zai ce, to, ina abin kuka kuma?

Abin kukan yana wajen wasannin da ake karawa da mutane ta intanet, waɗanda kuwa su ne samari suka fi so. Duk inda ake gasa akwai mai maguɗi. Wani zai sayi manhajar da ke nuna masa abokin gaba ta bayan bango, wani kuma wadda ke saita masa bindiga ba tare da ya yi kome ba. In masu maguɗi suka yi yawa, masu gaskiya sai su watse, kuɗi su daina shigowa. Don haka kamfanoni suka ƙirƙiro wata manhaja mai aikin dogari, wadda ke bin wasan tana binciken kwamfutar mai wasa. Dogaran dā a zaure suke tsayawa. Na yanzu kuwa har ƙuryar ɗaki suke shiga, watau can cikin zuciyar uwar manhajar, inda suke ganin duk abin da ke motsi a injin. A Windows wannan mai yiwuwa ne, domin Microsoft ne kaɗai ke riƙe da mabuɗin ƙuryar, kuma ba abin da ke shiga sai da sa hannunsa. A Linux mabuɗin yana hannun mai kwamfutar. Yana iya gina wata ƙurya ta ƙarya ya kai dogarin can, ya bar shi yana gadin iska. Tafintan Valve kuma, duk ƙwarewarsa, ba ya iya kai dogarin Windows cikin ƙuryar Linux.

Ga yadda abin ya riƙa faruwa. Kamfanin Riot ya fito da wasan Valorant a 2020 tare da dogarinsa mai suna Vanguard, kuma bai taɓa hawa Linux ba. A 2024 kamfanin ya sa wa League of Legends wannan dogari, sai waɗanda suka shekara da shekaru suna buga shi a Linux ta hanyar tafinta suka wayi gari a waje. A Satumba na shekarar kamfanin Rockstar ya sa wa sashen intanet na GTA V dogari mai suna BattlEye, masu Steam Deck suka rasa shiga. Ƙarshen Oktoba kuma kamfanin EA ya toshe masu Linux daga Apex Legends, ya ce masu maguɗi sun mai da Linux mafaka. Amma wanda ya fi taɓa mutanenmu shi ne ƙwallo. Tun daga FIFA 23, wanda ya fito a 2022, EA ya sa wa wasan ƙwallonsa na kwamfuta irin wannan dogari na ƙurya, kuma haka abin ya ci gaba bayan an sāke masa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Yaron da ya bi shawarar masana ya ɗora Linux a tsohuwar kwamfutarsa, ranar da ya nemi buga ƙwallon nan sai ya ga ba hanya.

Abin da ya fi ɓata wa masu Linux rai shi ne, a wasu wuraren hanyar tana nan, kamfanin ne ya ƙi bi. A Satumba na 2021 kamfanin Epic ya sanar cewa dogarinsa, Easy Anti-Cheat, zai iya aiki da Linux da Proton, masu BattlEye ma suka faɗi haka. Abin da ya rage shi ne mai wasan ya yarda. Wasu sun yarda. Amma shi kansa Epic bai yarda ba a kan babban wasansa, Fortnite. Shugaban kamfanin, Tim Sweeney, ya faɗa a Fabrairun 2022 cewa ba su da tabbacin za su iya daƙile maguɗi a Linux in wasa ya kai girman Fortnite. Watau mai maganin ya sayar wa maƙwabta, shi kuwa ya ƙi sha.

A ganina, hujjar kamfanonin ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Dogarin da ke aiki a Linux a zaure yake tsayawa, kuma gaskiya ne ya fi sauƙin ruɗi. Sa'an nan akwai maganar yawa. Steam yana ƙidayar masu amfani da shi kowane wata. Sai a Yulin 2023 ne Linux ta wuce macOS a wannan ƙidaya, kuma sai a Oktoban 2025 ta haura kashi 3 cikin 100. Sauran kusan duk Windows ne. Lokacin da kamfanin Psyonix ya cire Linux da macOS daga Rocket League a Maris na 2020, cewa ya yi su biyun a haɗe kashi 0.3 ne kacal na masu buga wasan. Ɗan kasuwa ba ya ɗaukar yaron shago don mutum uku cikin dubu. Bugu da ƙari, Linux ba guda ɗaya ba ce: akwai Ubuntu, akwai Fedora, akwai Arch, akwai Mint, da wasu barkatai, kowace da halinta. Wani da ya yi aiki a kan wasan Planetary Annihilation ya bayyana a 2019 cewa masu Linux ba su kai kashi 0.1 na cinikinsu ba, amma sun ɗauki fiye da kashi 20 na ƙorafe-ƙorafen da suka samu. Ko da yake wani mai ƙaramin wasa, Rings of Saturn, ya kawo akasin haka a 2021. Ya ce masu Linux kashi 5.8 ne na masu sayensa, sun kawo kashi 38 na rahotannin kurakurai, amma da ya duba sai ya ga kusan duk kurakuran sun shafi kowa da kowa ne, su dai sun fi iya kawo rahoto dalla-dalla.

Inda na raba gari da kamfanonin shi ne wajen sauya sharaɗi bayan an karɓi kuɗi. Wanda bai taɓa buɗe ƙofa ba, kamar Valorant, ba wanda zai ce ya cuce shi. Amma Valve da kansa ya sa wa Apex Legends alamar cewa yana aiki a Steam Deck, mutane suka shiga, suka sayi kayan ado na cikin wasan da kuɗinsu, bayan shekara biyu da wani abu aka ce su fita. Psyonix dai ya yi abin kirki, ya ce wanda ya saya don Linux ko Mac ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Ba kowa ne ya yi haka ba. In mai gida ya karɓi kuɗin haya na shekara sa'an nan ya canza kwaɗo a wata na shida, ko a kotun alƙali ko a ta majistare an san sunan wannan.

Akwai kuma abin dubawa game da shi kansa dogarin na ƙurya. Duk manhajar da aka bari ta shiga can, in ta yi kuskure, injin ne gaba ɗaya ke faɗuwa. Ran 19 ga Yuli na 2024 wata manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike, mai zama a wannan wuri, ta sami gyara mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows suka tsaya cik, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Ita ba ta wasa ba ce, amma mazauninsu ɗaya. Mutumin da ke ajiye lissafin kasuwancinsa da lambobin bankinsa a kwamfuta ɗaya da wadda ɗansa ke buga ƙwallo ya kamata ya san wane ne ya bai wa mabuɗi.

Kada masu Windows su ɗauka su sun tsira. Battlefield 6, wanda ya fito a Oktoban 2025, ba ya tashi sai an kunna wani makullin tsaro na injin da ake kira Secure Boot, kuma Call of Duty na ƙarshen shekarar ya nemi wannan tare da TPM 2.0. Watau sharaɗin da ya hana tsohuwar kwamfuta hawa Windows 11 shi ne kuma ya fara hana ta sababbin wasanni. Masu Apple ma sun sha nasu: a 2019 macOS Catalina ta daina karɓar tsofaffin manhajoji, wasanni da yawa suka mutu a kanta, kuma da Valve ya fito da Counter-Strike 2 a 2023, bai yi na Mac ba. Shi ma gwanin masu Linux ya san lissafin kashi nawa cikin ɗari in abin ya zo kansa.

Wani abin dariya a nan shi ne, yawancin samarinmu da ke buga PUBG Mobile da Free Fire da eFootball a waya, a Agege ko Sabo ta Badun, a kan Linux suke bugawa ba su sani ba, domin Android a kan zuciyar Linux aka gina ta. Ashe ba sunan Linux kamfanonin ke gudu ba. Inda jama'a suka taru, can suke kai kayansu, ko da wace irin uwar manhaja ce.

Wannan ne abin da Valve ke ƙoƙarin yi, watau tara jama'a har kamfanonin su ga asarar ƙin zuwa ta fi wahalar zuwan. A 2025 kamfanin Lenovo ya fito da injin hannu mai ɗauke da uwar manhajar Valve, SteamOS, kuma a Nuwamba na shekarar Valve ya sanar da sabuwar Steam Machine, shekara goma bayan faɗuwar ta farko. Amma Valve ba ya sayar da injinansa kai tsaye a Nijeriya, sai abin da 'yan kasuwa suka shigo da shi da tsada, don haka wannan hanya ba ta talakanmu ba ce tukuna.

'Yan'uwanmu masu sayar da kwamfutoci a Ikko da masu gyara su ne za su fara jin wannan rigima a bakin shagonsu, domin su za a dawo wa da kaya. Kafin a ɗora wa mutum Linux, a tambaye shi me zai yi da injin. In takardu ne da kallo da wasannin da mutum ke bugawa shi kaɗai, to, ba damuwa, galibinsu suna tafiya. In ya ce ƙwallon EA, ko Fortnite, ko Valorant, a gaya masa gaskiya tun kafin ya biya. Ana iya raba faifan injin gida biyu, a bar Windows a gefe don wasa kawai, a sa Linux a ɗaya gefen don aiki da harkar banki, mutum ya zaɓi wadda zai shiga duk lokacin da ya kunna. Mai gyaran da ya iya aikinsa ba zai wuce awa biyu a kai ba.