Tsadar Kananzir Da Sanyin Hunturu A Kausani

Kowace shekara, da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya, iskar hunturu ta fara kaɗowa da ƙurarta, sai wata tsohuwar damuwa ta dawo wa magidanta a garuruwa da ƙauyukan Jihar Kano, watau damuwar abin da za a ƙona. A Kausani, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Wudil, sanyin asuba ba ya jiran albashi, ba ya kuma jiran a sayar da amfanin gona. Tilas a ɗumama wa tsofaffi ruwan alwala, a dafa wa yara 'yan makaranta ruwan wanka, a tafasa wa mai jego nata safe da yamma, sannan da dare a sa garwashi a kasko domin ɗaki ya yi ɗumi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, abin da gida ke kashewa wajen makamashi yakan ƙaru ƙwarai, kuma a daidai wannan lokaci ne masu sayarwa ke ɗaga farashi.

Gaskiya ne cewa a ƙasar Hausa ba a ɗumama gidaje da tukunyar mai irin ta ƙasashen Turai. Duk da haka kananzir yana da babban matsayi a wannan lissafi. Da shi ake kunna risho a dafa ruwa cikin sauri, da shi ake tayar da wutar itace da ta gawayi, da shi kuma fitilar ƙwai ke ci a inda lantarki bai wadata ba. Bugu da ƙari, farashinsa ne ke jan na sauran. Ranar da kananzir ya fi ƙarfin mutanen birni, sai su koma wa gawayi da itace, kuma daga ƙauyuka ake kwaso musu. Ta haka mutumin Kausani da bai taɓa mallakar risho ba yake biyan nasa kason na tsadar kananzir a kan kowane ƙullin itace da kowane mudun gawayi.

Yana da kyau a tuna yadda aka zo nan. Har zuwa farkon shekarar 2016, farashin kananzir na hukuma naira 50 ne kowace lita. A watan Janairu na wannan shekara aka janye tallafin da ke kansa, aka mayar da shi naira 83. Kafin ƙarshen 2022, bisa ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa wata-wata, matsakaicin farashin lita ya haura naira 1,000, kuma bai tsaya nan ba. Don a gane nauyin wannan adadi, sai a tuna cewa mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, kamar yadda aka tsayar a 2019. Ma'ana, gidan da ke ƙona lita guda a rana zai cinye albashin ƙaramin ma'aikaci ɗungurungum a kan kananzir kaɗai. Ƙarin da aka yi zuwa naira 70,000 a 2024 ya tarar da kaya sun riga sun yi nisa.

Dalilan wannan tsada ba ɓoyayyu ba ne. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, an gina ta ne domin ta wadata jihohin Arewa, ta turo mai ta bututu zuwa ma'ajiyar Hotoro a Kano. Matatar ta shafe shekaru da yawa ba ta aiki yadda ya kamata, sai aka koma dogara ga man da ake shigowa da shi ta tashoshin ruwa na Kudu, a ɗoro shi a tanka a yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma kuɗin kowane kilomita yana komawa kan mai saye. Na biyu, kananzir da man jirgin sama daga kaso ɗaya ake tace su, saboda haka matar da ke riƙe da kwalba a Kausani tana takara ne da kamfanonin jiragen sama ba tare da ta sani ba. Na uku, yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022 ya ɗaga farashin irin wannan mai a duniya baki ɗaya. Na huɗu, janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara kuɗin sufuri, sannan sakin darajar naira a watan Yuni na wannan shekara ya ƙara wa duk abin da ake lissafinsa da dala tsada. Matatar Ɗangote da ke Legas, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da mai a 2024, amma ɗanyen man da take tacewa da farashin kasuwar duniya ake auna shi, kuma nisan Legas zuwa Wudil yana nan yadda yake.

Akwai masu ganin cewa maganin abin shi ne a dawo da tallafi. Wannan ra'ayi ya cancanci a saurare shi, domin masu yin sa wahala ce ta ishe su. Sai dai tarihi bai goyi bayansa ba. A zamanin naira 50, mutum nawa ne a Kausani, ko Darki, ko Utai, ko Lajawa, ya taɓa sayen lita a wannan farashi? A watan Fabrairu na 2014, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa ana ci gaba da cire kuɗin tallafin kananzir alhali tun 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba da umarnin a daina, kuma talaka ba ya samun man a farashin da aka ce. Kuɗin jama'a sun fita, amma a hannun 'yan tsakiya suka tsaya. Duk tallafin da za a sake kawowa ta wannan tsohuwar hanya, a nan zai sake maƙalewa.

Abin da ya fi kusa da gyara shi ne tazarar da ke tsakanin farashin gidan mai da farashin da talaka ke biya a zahiri. Mai hali yana sayen jarka mai lita 25 a farashin sari. Talaka kuwa a kwalbar lemo yake saye, wani lokaci ma rabinta, a teburin mai kiri. Kwalba uku ta lemo ce ke cika lita guda da ɗan ɗoriya, to amma wa ke tsayawa ya haɗa kuɗin ukun ya gwada da farashin lita? Daga ma'ajiya zuwa dillali, daga dillali zuwa mai durom, daga mai durom zuwa mai tebur, kowane hannu yana ɗora ribarsa da kuɗin motarsa, wani kuma ya rage ma'auni. Sakamakon haka, wanda ya fi kowa rashi shi ne ke sayen lita mafi tsada a duk faɗin jihar. Ba za a ɗora wa mai tebur laifin duka ba, domin shi ma neman abinci yake yi da ɗan jarinsa. Laifin yana ga tsarin da ya bar mai saye shi kaɗai, ba ya da labarin farashi, ba ya da tabbacin ma'auni.

Neman sauƙi a cikin duhu kuwa yana da nasa haɗarin. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a kan kananzir araha takan kai ga asarar rai. Man da aka gauraya da fetur yana yin bindiga a risho da fitila, kamar yadda ya faru a Jihar Edo a 2001, inda gurɓataccen kananzir ya ƙone mutane da dama a cikin gidajensu. Wanda ya guje wa kananzir ya rufe ƙofa da taga a kan kaskon gawayi, yana shaƙar iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mai barci bai farka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi zama kusa da murhu. Ga kuma gobarar hunturu, wadda Hukumar Kashe Gobara ta Jiha ke gargaɗi a kanta kowace shekara. Daɗin daɗawa, Kano tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, kuma kowace bishiya da aka sare domin gawayi ragi ce daga abin da shirin nan na katangar itatuwa ke ƙoƙarin dasawa.

Akwai darasi a wata ƙasa mai nisa. A Ailan ta Arewa, wani yanki na Birtaniya, kusan kashi biyu cikin uku na gidaje da mai ake ɗumama su, kuma wannan mai ba wani abu ba ne illa kananzir. Mutanen can ma sun sha wuya a 2022. To amma suna da abubuwa biyu da ke rage musu raɗaɗi. Hukumar kare masu saye ta yankin tana bincika farashi wurin 'yan kasuwa, tana bayyana matsakaicinsa ga jama'a kowane mako, na lita 300 da 500 da 900, gunduma-gunduma. Sannan maƙwabta suna haɗuwa cikin ƙungiyoyi su tara buƙatunsu, su kira dillali sau ɗaya, su yi ciniki da murya ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da ta fi ƙarfin mutanen da suka gaji adashi da aikin gayya daga kakanninsu.

Saboda haka, abu na farko da ya wajaba shi ne a fito da farashi fili. Kasuwar Wudil tana ci kowace Juma'a, kuma jama'ar yankin duka suna hallara a cikinta. Babu abin da zai hana Ƙaramar Hukuma ta sa ma'aikaci ya zagaya gidajen mai da masu durom ranar Alhamis, a rubuta farashin lita, da na galan, da na buhun gawayi, a kafa a allo a bakin kasuwa da ƙofar dagatai. Gidan Rediyon Kano yana iya karanta irin wannan jadawali na manyan kasuwannin jihar kamar yadda ake karanta farashin hatsi. Mai saye da ya san farashin Wudil ba zai yarda a ninka masa a ƙofar gidansa ba.

Na biyu, a tsare ma'auni da ingancin mai. Sashen kula da awo na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya, da hukumar da dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa sa ido a kan rarraba mai, da Hukumar Kare Masu Saye ta Jihar Kano, duk suna da hurumi a nan. Ya kamata a riƙa ganinsu a Wudil da kewaye kafin sanyi ya shigo, a gwada famfunan gidajen mai, a duba abin da ke cikin durom, wanda aka kama da gauraye kuma a gurfanar da shi a bayyana sunansa. Sa ido da ya tsaya a cikin birnin Kano bai cika ba.

Na uku, jama'a su haɗa kai wajen saye, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidaje 40 da kowannensu ke buƙatar lita 5 sun cika durom mai lita 200. Idan suka zuba adashi tun daga kaka, lokacin da kuɗin amfanin gona ke hannu, suka wakilta amintattu biyu ko uku su sayo daga gidan mai mai lasisi a watan Oktoba, to sun tsallake hannaye biyu ko uku na riba, sun kuma san asalin abin da suke zubawa a risho. Haka ma gawayi da itace. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta komai a littafi, a raba a gaban kowa, a kuma ajiye man nesa da ɗakin kwana da madafa. Masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mata su ne suka fi dacewa su jagoranci wannan.

Na huɗu, a rage abin da ake ƙonawa. Murhu mai tsimin itace ba sabon abu ba ne, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta daɗe tana ƙera irinsa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Wudil, wadda aka kafa a 2001 aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, tana maƙwabtaka da waɗannan ƙauyuka. Abin kunya ne a ce ɗalibanta na injiniya suna kammala karatu ba su taɓa zama da maƙeran yankin da magina tukwane sun gyara murhun da iyayensu ke girki a kai ba. Ƙaramar tukunyar gas ma tana iya zama mafita ga wasu gidaje, in an samar da hanyar biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan.

Ma'aikatan gwamnati suna da nasu rabon a wannan aiki. Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikatu, waɗanda ke sayo shinkafa da sukari gabanin azumi a cire daga albashi, suna iya yin haka ga makamashi gabanin hunturu. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka tura ƙauye shi ne sau da yawa ya fi kowa iya riƙe littafin adashi. Ɗalibai kuma, musamman masu haya a ɗakunan cikin garin Wudil, su haɗa kuɗi su sayi jarka maimakon kwalba, su guji kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, su kuma kai wannan wayewa gidajen iyayensu lokacin hutu.

Babu wanda ke Kausani da ke da iko a kan farashin ganga a kasuwar duniya, ko a kan darajar naira. Gyaran matatar Kaduna da sauƙaƙa jigilar mai zuwa Arewa nauyi ne da ke wuyan Gwamnatin Tarayya, kuma wajibi ne wakilan jama'a su ci gaba da tuna mata. Amma allon farashi, da ma'auni na gaskiya, da durom ɗin haɗin gwiwa, da murhu mai tsimi, duk suna cikin ikon jiha da ƙaramar hukuma da unguwa. Rigakafi ya fi magani. Lokacin shirin hunturu shi ne kaka, tun hatsi na rumbu kuma kuɗi na hannu. In aka bari sai sanyi ya kankama, to mai durom ne zai yanke farashi, talaka kuma ya biya.