RUWAN BETSO BA FAMFON ZAƁE YAKE JIRA BA

A Agege da Mushin da Sabon Ibadan, kullum da asuba akan ga samarin Arewa suna tura kura cike da jarkoki, suna sayar wa mutanen birni ruwa. A daidai wannan lokaci, idan rani ya tsananta, iyayen irin waɗannan samari a Betso da sauran ƙauyukan Mubi ta Arewa suna durƙushe a busasshen rafi, suna tonon yashi da ƙoƙo, suna jiran ruwa ya tsattsafo. Ɗa yana shayar da birnin wasu, uwa tana kwana da ƙishirwa. Assha!

Da an ta da maganar, sai masu riƙe da mulki su ce ai fari ne, kuma duniya duka haka take. Gaskiya ne ruwan daɗi bai kai kashi 3 cikin 100 na ruwan duniya ba, mafi yawansa ma ƙanƙara ce. Gaskiya ne a ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2022, mutane fiye da biliyan 2 ba su da amintaccen ruwan sha. Gaskiya ne Tafkin Chadi, mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 25,000 a 1963, ya tsuke bayan farin 1973 da na 1984 har ya koma abin da bai wuce ushirinsa ba. To, amma wannan duka bai wanke kowa ba.

Ƙasar Mubi ba hamada ba ce. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwa yakan sauka a kan duwatsun Mandara, ya gangaro kogin Yedzaram, kogin ya cika ya batse, ya zaftare gaɓa, ya cinye gonaki, ya wuce Barno. Bayan 'yan watanni sai yashi tsagwaro. Allah ya ba da ruwa, hukuma ce ta kasa riƙe shi.

Me aka kawo a madadin haka? Famfon zaɓe. Ƙarƙashin ƙasar Mubi dutse ne, ba a samun ruwa sai a tsagogin dutsen, saboda haka haƙa rijiyar burtsatse ba tare da binciken masana ba caca ce. Amma ɗan kwangila ba ruwansa. Ya haƙa inda maigidansa ya nuna, ya kafa allo, a yi bikin buɗewa, a biya shi. Kafin shekara ta zagayo famfo ya lalace, babu kayan gyara, babu mai gyara, mata sun koma rafi. Cutar amai da gudawa da ta kwantar da ɗaruruwan mutane a Mubi a watan Mayu na 2018 ba daga sama ta faɗo ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Alkawari kuwa an sha shi. A 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan Nijeriya, ta yankin Binuwai ta sama tana Yola. An keɓe 1981 zuwa 1990 domin kowa a duniya ya sami ruwan sha. Kamaru ta gama madatsar Lagdo a 1982, amma ta Dasin Hausa da aka ce za ta tare ruwan da ake sakowa ba a gina ta ba, sai ambaliyar 2012 da ta 2022 suka zo suka tuna wa mutane. Mai shekara hamsin a yau da waɗannan alkawura ya yi wayo.

Maganin ba boyayye ba ne. Kakannin mazauna Mandara sun jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni don ruwa ya tsaya ya nutse ƙasa. A Kitui da Machakos na ƙasar Kenya, ƙauyawa suna gina 'yar katanga a tsakiyar rafi, yashi ya taru a bayanta ya ɓoye ruwan damina, a sha har rani. Irin wannan ake bukata a rafukan Betso, tare da dasa itatuwa a gaɓa, da hana motocin tifa kwashe yashin kogi barkatai, da kwamitin gari mai asusun gyaran famfo, wanda mata za su zauna a cikinsa, tun da su ne masu ɗaukar tulu.

A nan ne nauyi ya hau kan 'yan Arewa mazauna Kudu. Kuɗin da ƙungiyoyinsu suke tarawa na bukukuwa, kaɗan daga ciki ya isa ya biya mai binciken ƙasa, ya sayi siminti. Duk ɗan takarar da ya biyo su Legas ko Fatakwal neman goyon baya kuwa, sai su tambaye shi: famfo nawa ne a mazaɓarsa suke aiki yau? Wa ke gyara su? In ya yi shiru, ya ba da amsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake so uwarsa ta huta da tonon yashi a watan Maris, tun da damina zai tare mata ruwa.